Yadda Ake Shirya Wasan Kwaikwayo na Tafiya Cikin Zamani a Kan Dandamali: Hanyar Masoya Doctor Who

A ranar 23 ga Nuwamba 1963 tashar BBC ta fara nuna Doctor Who, labarin wani matafiyi da ke ratsa zamanai a cikin shuɗin akwatin wayar 'yan sanda mai suna TARDIS, wanda cikinsa ya fi wajensa girma. Ba a jima ba labarin ya hau dandamali. Ƙwararru sun yi wasanni a Landan a 1965 da 1974, sannan a 1989 aka zagaya biranen Birtaniya da wani wasan wanda ɗan wasa Jon Pertwee ya fara fitowa a cikinsa a matsayin matafiyin kafin Colin Baker ya karɓa. Masu sha'awa, waɗanda ba sana'arsu ba ce, su ma sun yi nasu a zaurukan unguwa da makarantu da jami'o'i. A birnin Portsmouth wasu sun riƙa ɗauko tsofaffin labaran da faya-fayansu suka ɓata daga ma'ajiyar BBC suna mayar da su wasan dandamali. Sun yi The Evil of the Daleks a 2006, sun kuma yi The Web of Fear, wanda a 2013 aka gano kashi huɗu daga cikin ɓatattun sassansa a wata tashar talabijin a Jos.

Matsalar da duk mai irin wannan aiki zai fara cin karo da ita guda ce. A talabijin, yanka hoto shi ke yin tafiyar: yanzu ana cikin 1066, ƙiftawar ido an koma wata duniya. Dandamali ba shi da wannan gata, komai a gaban idon 'yan kallo yake faruwa. Saboda haka rubutu da gini da haske da sauti duk ana tsara su ne a kan waɗannan 'yan daƙiƙoƙi da ake barin wani zamani a shiga wani. In sun yi kyau, 'yan kallo za su yafe muku dodon da aka yi da kwali. In suka yi tsawo ko suka rikice, tsadar kaya ba za ta ceci wasan ba.

Mataki na farko: izini, tun kafin a sayi ƙusa ɗaya

Sunan shirin, da matafiyin, da siffar shuɗin akwatin duk mallakar BBC ne. A 2002 ofishin rajistar alamun kasuwanci na Birtaniya ya tabbatar wa BBC siffar akwatin, duk da ƙorafin da rundunar 'yan sandan Landan ta shigar. Abin bai tsaya nan ba. A tsofaffin shekarun shirin, marubuta da yawa ba ma'aikatan BBC ba ne, don haka suna da haƙƙi a kan labaransu da halittun da suka ƙirƙira. Dodannin Dalek, abokan gaban matafiyin masu sulken ƙarfe, na marubuci Terry Nation ne, wanda ya rasu a 1997, kuma magadansa na da ta cewa. A dokar Birtaniya haƙƙin mallaka na rubutu yana ci gaba har shekara 70 bayan rasuwar marubuci. Kenan labari ɗaya na iya buƙatar amincewar ɓangarori biyu ko uku. Waƙar buɗe shirin, wadda Ron Grainer ya tsara kuma Delia Derbyshire ta haɗa sautinta, ita ma da nata izinin daban.

Ku rubuta takarda aƙalla wata shida kafin ranar da kuke so. Ku bayyana sunan ƙungiya, zauren da yawan kujerunsa, ranakun wasa, kuɗin tikiti, inda kuɗin zai tafi, da ko za a ɗauki bidiyo. Kada ku buga fosta, kada ku sa talla a Facebook, sai amsa ta zo a rubuce. Mutane da yawa na ɗauka cewa in kyauta ake shiga, ko kuɗin na taimakon marayu ne, to ba a buƙatar izini. Ba haka ba ne. Akwai sassaucin da dokar Birtaniya ta yi a 2014 ga wasan barkwanci da ke kwaikwayon wani aiki, amma ƙofar ƙarama ce, ba ta halatta ɗaukar labari sukutum. Wanda ke wata ƙasa kuma sai ya duba dokar ƙasarsa.

In amsa ta zo da a'a, ko ta ƙi zuwa, ku ƙirƙiri naku matafiyin da nasa abin hawan. Tafiya cikin zamani ba mallakar kowa ba ce. Littafin H. G. Wells na 1895 a kan na'urar tafiya cikin zamani ma ya fita daga haƙƙin mallaka a Birtaniya tun farkon 2017. Duk dabarun da ke ƙasa za su yi aiki ko da akwatinku tsohon agogon bango ne ko kabad ɗin kaya.

Mataki na biyu: rubutun wasa

Tsofaffin labaran shirin sukan zo ne a sassa na kimanin minti 25, yawanci huɗu ko shida. A dandamali kuna son kashi biyu, kowane minti 45 zuwa 50, da hutun minti 15 ko 20 a tsakani. A ƙiyasta shafi ɗaya a matsayin minti ɗaya, amma kada a dogara da wannan: ku zauna ku karanta rubutun da ƙarfi da agogo a hannu, sannan ku ƙara lokacin sauya kaya.

Ku rage wurare zuwa uku ko huɗu, har da cikin jirgin, wato akwatin matafiyin. Guje-gujen da ake yi a dogayen lunguna, wanda ya cika sassan talabijin, a cire shi gaba ɗaya ko a mayar da shi gudu ɗaya ta tsakiyar 'yan kallo. A talabijin kowane sashe yana ƙarewa da tashin hankali don a dawo mako mai zuwa. Ku zaɓi mafi ƙarfi a cikinsu ku ajiye shi dab da hutu, sauran a narkar da su cikin labari.

Sai aikin da ba a tsallake shi. Ku samu babbar takarda ku ja layi biyu. A na farko ku jera abubuwan da suka faru bisa tsarin shekaru. A na biyu ku jera su bisa yadda matafiyin ya gamu da su. A ƙarƙashin kowace fitowa ku rubuta abin da kowane mutum ya sani a wannan lokacin. Nan ne za ku kama kura-kuran da ke kashe irin wannan labari: wasiƙar da ke hannun yarinya tun kafin a rubuta ta, raunin da ya warke sannan ya dawo, mutumin da ya kira sunan wanda bai taɓa haɗuwa da shi ba. Masoyan shirin suna lura da waɗannan fiye da yadda kuke zato, kuma su ne za su cika layin gaba.

Ku kafa doka ɗaya ta tafiyar, wato ko ana iya canza abin da ya riga ya faru ko ba a iyawa, ku sa wani ya faɗe ta a sarari cikin minti goma na farko, sannan kada ku karya ta. Abokin tafiyar matafiyin shi ne kayan aikinku a nan, domin shi ke yin tambayar da ke bakin 'yan kallo. Duk sanda aka sauka, a cikin layi uku na farko a ji shekara ko wuri.

Mataki na uku: ginin akwatin

Kafin kafinta ya yanka komai, ku auna ƙofar da za a shigo da kaya, tsawon rufin dandamali, da faɗin gefen da ake ɓoye kaya. Ƙofar ɗaki ta yau da kullum a Ingila faɗinta milimita 762 ne, akwatin da aka haɗa gaba ɗaya ba zai wuce ba. Saboda haka ana gina shi ne gunduwa-gunduwa: gindi, ginshiƙai huɗu, bango uku, ƙyaure biyu, allunan rubutu huɗu na sama, rufi mai hawa-hawa, da fitila a tsakiya.

Girman da ke dacewa da ƙaramin dandamali shi ne gindi mai mita 1.2 kowane gefe, tsawo kuma kimanin mita 2.5 har da fitila. Gindin a yi shi da katako mai inci 2 da 4, a rufe da filawud mai kaurin milimita 18, domin shi ke ɗaukar nauyin mutane. Bangaye kuwa firam ne na katako mai inci 1 da 3, da filawud mai milimita 4 ko 6 a kai. Ginshiƙan kada a yi su da dunƙulallen katako, a haɗa falankai huɗu su zama bututu mai faɗin santimita 10, ya fi sauƙin ɗauka. A haɗa sassan da noti mai kunne ko hinji mai zararren ƙarfe, yadda mutum biyu za su harhaɗa shi cikin minti 20 ba tare da guduma ba. Ku sa wa kowane sashe lamba a bayansa.

Tagogin kada a sa musu gilashi. A yi amfani da farar roba mai duhu-duhu, a jera ƙananan fitilun LED a bayanta, da batir a cikin rufi don kada waya ta riƙa bin akwatin a ƙasa. Fenti kuma mara ƙyalli, hannu biyu a kan fentin share fage mai ruwan toka, sannan a goga ɗan baƙi-baƙi a lunguna don ya nuna tsufa. Fenti mai ƙyalli yana kama kowane ɗan haske, sai a ga akwatin a lokacin da ake so ya ɓace. Ku gwada shuɗin a ƙarƙashin fitilun dandamali kafin ku shafe duka, domin jan haske na mayar da shi kusan baƙi.

A talabijin ƙyauren na buɗewa ne ta ciki. In kun bi haka, kowane ƙyaure na cin kusan rabin mita na fili, mutum biyu ne kawai za su tsaya a takure. Maganin shi ne a sa hinji a bangon baya ya zama ɓoyayyiyar ƙofa, a jingina akwatin da baƙin labule mai tsaga a daidai wurin. Ta nan mutum shida ko takwas za su iya fitowa ɗaya bayan ɗaya, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa zaure ya yarda cewa cikin ya fi wajen girma. Cikin akwatin a lulluɓe shi da baƙin yadi, a kuma duba daga kujerun ƙarshe na dama da hagu ko ana hango tsagar.

In za a riƙa tura shi, a sa tayoyi huɗu masu juyawa, faɗin santimita 10, na roba ba na ƙarfe ba, biyu masu birki. A ajiye buhun yashi biyu na kilo 15 zuwa 20 a kan gindin. Akwatin dogo ne kuma mara nauyi, in aka tura shi daga sama zai kife. Masu turawa su riƙe shi daga daidai ƙugu.

Mataki na huɗu: bayyana da ɓacewa

Wannan shi ne zuciyar wasan, kuma ya cancanci lokaci fiye da komai. Hanya mafi kyau ita ce labulen shara-shara, wani yadi mai ƙananan ramuka kamar gidan sauro wanda ake sayarwa musamman don dandamali. In haske ya bugi gabansa kuma bayansa duhu ne, sai ya zama kamar bango. In aka haska abin da ke bayansa aka rage na gaba, sai ya zama kamar babu shi.

A rataye shi a miƙe sosai, da bututun ƙarfe a cikin kalmasar ƙasa don kada ya yi lanƙwasa. A ajiye akwatin mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi a bayansa, da baƙin labule a bayan akwatin. Fitilun da ke haska yadin su kasance a sama, suna zubo haske a jikinsa a tsaye. In kuka haska shi kai tsaye daga cikin zaure, hasken zai ratsa ramukan ya tona abin da ke baya. Fitilun akwatin kuma su fito daga gefe da gefe a bayan yadin, kada haskensu ya taɓa shi.

Tsarin bayyanar yana ɗaukar daƙiƙa 10 zuwa 12. Sauti ne ke fara shigowa, bayan yadin yana cikin duhu. Bayan daƙiƙa biyu fitilar saman akwatin ta fara walƙawa ita kaɗai. Sannan hasken gefe ya tashi zuwa kashi 30 cikin ɗari, ya sauka zuwa 10, ya tashi 60, ya sauka 30, ya cika 100, kowane tashi yana tafiya tare da numfashin sautin. A lokacin ne hasken gaba ke raguwa a hankali. Kullum a fara ɗaga na baya kafin a rage na gaba. A bugun ƙarshe na sauka, komai ya tsaya cak na daƙiƙa ɗaya kafin ƙyaure ya buɗe. 'Yan wasa su zagayo ta gefen yadin, ko a ɗaga shi in zauren na da igiyoyin ɗagawa. Ɓacewa kuma a juya tsarin.

Abubuwa uku ne suka fi ɓata wannan. Na farko, hasken da ke yoyo daga gefen dandamali, ko fitilar tebirin manaja ko wayar wani. Na biyu, fitilun LED masu araha waɗanda ba sa raguwa sumul, suna tsalle daga duhu zuwa haske, don haka a gwada su tun da wuri. Na uku, mai haske da mai sauti kowa yana bin nasa ƙidayar. Alama ɗaya za su bi, daga bakin mutum ɗaya.

In babu kuɗin yadin, a yi duhu, mutum biyu sanye da baƙaƙen kaya har safar hannu su turo akwatin zuwa alamar da aka manna a ƙasa da tef mai haske a duhu, fitilar sama tana walƙawa, sautin kuma ya rufe ƙarar tayoyi. Fitilun da ke nuna ƙofar fita ba a kashe su ko a rufe su, doka ce, don haka duhun ba zai zama cikakke ba. Kada ya wuce daƙiƙa goma, bayan haka idon mutane ya saba, za su ga komai.

Mataki na biyar: cikin jirgin da zamanai

Ba a nuna ciki da waje a lokaci ɗaya. 'Yan wasa su shiga akwatin a gefe ɗaya, haske ya mutu a kansa, su bi ta bayan labule, su shigo ta manyan ƙofofi a tsakiyar baya yayin da hasken ɗakin tuƙi ke tashi. Wanda ya fara magana a waje ya ƙarasa jimlarsa a ciki, wannan ke ɗinke wuraren biyu. Ku auna tafiyar bayan labulen, ku share hanyar, kada ta wuce daƙiƙa biyar.

Tebirin tuƙi mai kusurwa shida ne, faɗinsa kimanin mita 1.5, tsawonsa santimita 90, a kan tayoyi. A cika fuskokinsa da tsofaffin makunnai da maɓallan rediyo da madannin kwamfuta, a ɗaure su da sukuru, domin gam ba ya jure hannun ɗan wasa mai zumuɗi. Bututun tsakiya da ke hawa da sauka ba dole sai da inji ba. Fitilu masu bin juna sama da ƙasa a cikin bututun roba sun wadatar, kuma ba sa maƙalewa.

Kowane zamani a ba shi alamomi uku waɗanda ba sa canzawa: launin haske, sautin bango, da abu ɗaya babba. Misali, Landan ta zamanin Sarauniya Victoria ta samu haske ruwan zuma, ƙarar kofaton doki, da fitilar titi ta gas. Tashar sararin samaniya ta samu fari mai shuɗi-shuɗi, gunjin inji a ƙasa-ƙasa, da ƙofa mai zamewa. Zuwa karo na biyu 'yan kallo sun haddace, ba sai an gaya musu ba. Don bango, a gina ginshiƙai masu fuska uku a kan tayoyi, tsohuwar dabarar Girkawa, kowace fuska da zanen zamani ɗaya. Guda huɗu masu faɗin mita ɗaya da tsawon mita 2.4 sun isa, kuma juya su aikin daƙiƙa uku ne.

Mataki na shida: sauti

Asalin sautin jirgin, Brian Hodgson ne ya yi shi a sashen sauti na BBC, ta hanyar goga mabuɗi a kan igiyoyin wani tsohon piyano sannan ya sarrafa abin da ya naɗa. Wancan sautin mallakar masu shi ne, amma kuna iya yin naku ta irin wannan hanya: ku naɗi gogar ƙarfe a kan igiya mai kauri, ku rage saurinsa a manhajar Audacity, wadda kyauta ce, ku juya wani ɓangare baibai, ku ƙara amsa-kuwwa. Ku yi iri biyu, na tashi da na sauka, kowane da tsawon da ya yi daidai da hasken. A sa ƙaramar lasifika a cikin akwatin ko a bayansa, domin kunne ya ja ido zuwa wurin da abin zai bayyana.

A jera dukan sautuka a manhajar da ke sakin su ɗaya bayan ɗaya da maɓalli guda, irin QLab a kwamfutar Mac. A kashe intanet da sanarwa da barcin allo a kwamfutar, a kuma ajiye kwafi a wata na'ura da aka riga aka jona.

Mataki na bakwai: dodanni da tufafi

In kun samu izinin Dalek, ku san cewa gini ne na watanni. Raymond Cusick ne ya zana shi, kuma siket ɗinsa na ɗauke da rabin ƙwallaye 56 masu faɗin kusan santimita 10. Faɗin gindinsa ya fi ƙofar ɗaki. Yawanci ya fi sauƙi a nemi aro daga masu gina su don sha'awa, waɗanda suke da yawa a Birtaniya kuma sukan zo da abinsu su tuƙa da kansu. Mai tuƙi yana zaune ne a ciki yana tura ƙasa da ƙafa, yana gani ta ragar wuya kaɗai, kuma ba ya ganin abin da ke dab da gindinsa. Saboda haka a kafa katako mai tsawon santimita 5 a bakin dandamali. In dandamalin mai gangara ne zuwa wajen 'yan kallo, kamar na tsofaffin gidajen wasa, a gwada tun da wuri ko za a iya tsayar da shi. Cikin yana da zafi, a fitar da mutum duk bayan minti 15 ko 20, a ba shi ruwa, a kuma ware mutum ɗaya da zai iya ɗage saman cikin gaggawa.

Muryar ana yin ta da na'urar da ke gauraya murya da wani sauti mai bugu 30 a daƙiƙa, akwai ta a cikin kayan masu jita da kuma a manhaja. Na'urar ba ta yin aikin ita kaɗai: mai muryar ne zai riƙa datsa kalmomi gaɓa-gaɓa yana ɗaga murya. Ya zauna inda yake ganin dandamali, fitilun kan dodon kuma su riƙa walƙawa tare da kowace gaɓa, in ba haka ba, idan guda biyu suka tsaya ba wanda zai san wane ke magana.

In naku dodon za ku ƙirƙira, tabarmar roba ta wuraren motsa jiki mai kaurin milimita 10 tana yankuwa da reza, tana lanƙwasuwa da iska mai zafi. A yi aikin gam da fenti a wuri mai iska. A bar ramin numfashi da na gani fiye da yadda ake zato, a kuma nuna dodon a rabin haske, daga baya ko daga ƙasa.

Tufafin matafiyi kuwa, siffa ɗaya da ake ganewa daga nesa ta isa, kamar dogon gyalen wuyan da aka san Tom Baker da shi lokacin da ya fito a matsayin matafiyin daga 1974 zuwa 1981. Amma ɗan wasa kada ya kwaikwayi muryar wani, minti biyar ake jin daɗin hakan. Masu canza kaya tsakanin zamanai su sa na gaba a ƙarƙashin na yanzu, a maye maɓallai da maɗauri mai mannewa, kowa da mai taimaka masa a gefe da tocila, a kuma yi bitar canjin da agogo har ya sauko ƙasa da daƙiƙa 45.

Idan labari ya sa mutum ya haɗu da kansa na wani zamani, a samu wani mai tsawonsa da irin kayansa ya juya wa 'yan kallo baya, a riƙa sakin muryar da aka naɗa. A yanka ta layi-layi, kowane da alamarsa. In aka sake ta a dunƙule, dariya ɗaya daga zaure za ta sa ɗan wasan ya riƙa tsere da na'ura.

Mataki na takwas: hayaƙi, walƙiya da lafiyar jama'a

Injin hayaƙi na iya tayar da ƙararrawar gobara, don haka a tambayi masu zauren tun ranar da aka kama shi, kuma kada wani ya rufe na'urar da kansa. Busasshiyar ƙanƙara sanyinta ya kai digiri 78 ƙasa da sifili, ba a taɓa ta sai da safar hannu mai kauri, kuma iskar da take fitarwa tana kwanciya a ƙasa, don haka kada ɗan wasa ya kwanta a cikinta, kada kuma mai tuƙin Dalek ya shiga cikin wannan iskar. Fitila mai walƙiya na iya tayar wa wasu da farfaɗiya: kada ta wuce walƙawa uku a daƙiƙa, a taƙaita ta, a rubuta gargaɗi a tikiti da bakin ƙofa. Duk yadi da kwali a fesa musu maganin hana kama wuta. Bindigogin wasa su kasance masu siffar da ba ta kama da ta gaske, kuma kada a fita da su titi a hannu.

A Ingila wasan kwaikwayo da ake yi tsakanin ƙarfe 8 na safe da 11 na dare ga mutanen da ba su wuce 500 ba, ba ya buƙatar lasisin nishaɗi, amma sayar da giya da sa yara a wasa suna da nasu ƙa'idojin a ƙaramar hukuma. Ku kuma nemi inshora. Ƙungiyar NODA, wadda aka kafa a 1899 don ƙungiyoyin wasa na masu sha'awa, tana taimaka wa mambobinta a kan wannan.

Mataki na tara: bita

Mako 12, sau biyu a mako, ya isa. Tun makon farko a manna tef a ƙasa daidai girman akwatin da tebirin tuƙi, a kuma riƙa sakin sautin jirgin ko daga waya ne, domin 'yan wasa su saba da tsawonsa. A mako na shida kowa ya ajiye takarda. A mako na takwas ainihin akwatin ya iso, ko ba a yi masa fenti ba. Girgizar jirgi idan ya samu matsala ita ma bita take so: mutum ɗaya ne ke ja, kowa ya faɗa ɓangare ɗaya a lokaci ɗaya.

Manajan dandamali ya riƙe littafi guda mai ɗauke da kowace alama da lambarta, ta haske daban, ta sauti daban, ta masu tura kaya daban. Yakan ce "shirya" kimanin daƙiƙa 20 kafin lokaci, sannan "tafi", kuma ba wanda ke motsi sai ya ji kalma ta biyu. A ware yini guda cur a zauren don bin alamun kaɗai, ana tsallake maganganun da ke tsakani. Kowace bayyana da ɓacewa a maimaita ta har sai ta fita daidai sau uku a jere. Sannan a yi cikakkiyar bita biyu da kaya, a gayyato mutum biyu ko uku da ba su taɓa kallon shirin ba, a tambaye su a lokacin hutu wace shekara ake ciki da kuma abin da matafiyin ke nema. In sun kasa amsawa, a gyara layukan sauka a daren.

Kowace rana, awa ɗaya kafin buɗe ƙofa, a canza ko a caja batiran fitilar akwatin da na makirufo, a gwada birkin tayoyi, a share ƙasa saboda sukuru ɗaya na iya tsayar da taya, a haska tef ɗin alamomi da tocila don ya ɗauki haske, sannan a gudanar da bayyanar farko sau ɗaya daga farko har ƙarshe, wani yana kallo daga kujerar da ta fi kowace zama a gefe.